Aikin hannu a maganin daɗaɗɗen ciwon wuya da na muƙamuƙi

Akwai wani irin ciwo da yake sa mai shi yawon asibiti ba tare da an gano bakin zarensa ba. Yakan fara da likitan kunne saboda kunnen yana masa zugi, a leƙa a ce kunne lafiya lau. Daga nan ya wuce wajen likitan haƙori saboda wani turmin haƙori na sama ya hana shi sakat, wani lokaci har a cire haƙorin amma ciwon yana nan daram. Ga kuma ciwon kai da ke tasowa daga ƙeya ya zagayo gefen goshi, ga wuya da ya ƙage tun watanni, wanda shi kansa ya daina lissafa shi cikin cuta domin ya saba da shi. A wurin da yawa daga cikin irin waɗannan mutane, tushen matsalar yana cikin tsokokin da ke motsa muƙamuƙi da gaɓoɓin saman wuya, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da bincike ya fi mara wa baya a yau ita ce aikin hannu na likitocin fisiyo, wato tausa da motsa gaɓa da miƙar da tsoka bisa ƙa'ida. Sai dai amfanin wannan aiki yana da sharaɗi, yana kuma da iyaka, kuma rashin sanin su biyun ne yake sa wasu su raina shi, wasu kuma su ɗora masa abin da ba zai iya ba.

Duk wanda ya ɗora yatsa a gaban kunnensa ya buɗe baki zai ji wani dunƙulen ƙashi yana zamewa gaba. Nan ne muƙamuƙin ƙasa ya haɗu da ƙoƙon kai, kuma gaɓar ta bambanta da yawancin gaɓoɓin jiki domin tana juyawa a farkon buɗe baki sannan ta zame gaba idan za a wage shi sosai, kuma ta dama ba ta motsi sai tare da ta hagu. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai wani ɗan faifai na guringuntsi da ke tafiya tare da kan ƙashin. Manyan tsokokin da ke wannan aiki huɗu ne a kowane gefe: ta kunci, wadda takan kumbura idan an cije haƙora, da ta gefen goshi mai faɗi, da wasu biyu da ke ɓoye a ciki. Lafiyayyen baligi yana buɗe baki kimanin milimita 40 zuwa 55, wanda ya yi daidai da faɗin yatsunsa uku a jere, kuma idan yana zaune ba ya tauna ba ya haɗiya, haƙoran sama da na ƙasa ba sa taɓa juna, akwai 'yar tazara ta milimita 2 zuwa 4 a tsakaninsu. Wannan 'yar tazara tana da muhimmanci ƙwarai, domin mutane da yawa masu wannan ciwo sukan wuni haƙoransu a haɗe ba su sani ba, tsokar kuma ba ta samun hutu.

Wuya kuwa ƙasusuwa bakwai ne da ke ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5, kuma wajen rabin waiwayen da mutum ke yi yana faruwa ne tsakanin ƙashi na farko da na biyu kawai. Abin da ya haɗa wuya da muƙamuƙi ya wuce maƙwabtaka. Jijiyar da ke ɗauko ji daga fuska da haƙora da gaɓar muƙamuƙi, wato ta biyar cikin jijiyoyin kai, tana sauke saƙonta ne a wata matattara da ta gangaro har cikin lakar saman wuya, kuma jijiyoyi uku na farko na wuya su ma a nan suke sauke nasu. Lamarin kamar magudanan ruwa ne na unguwanni biyu da suka haɗu a kwata ɗaya, wanda ke tsaye a ƙarshenta ba zai iya tantance daga wace unguwa ruwan ya taso ba. Saboda haka ƙwaƙwalwa takan ji ciwon saman wuya a goshi ko bayan ido, ta ji na tsokar kunci a kunne ko a turmin haƙori. Likitar nan ta Amurka, Janet Travell, tare da David Simons, sun zana taswirar irin wannan ciwo mai yin ƙaura, kuma duk da cewa har yau masana suna jayayya a kan ainihin abin da ke cikin ƙullutun da ake ji a tsoka, taswirar tana yi wa likita amfani wajen sanin inda zai nemi ciwon.

Idan ciwo ya wuce wata uku ana lissafa shi cikin daɗaɗɗen ciwo, kuma a wannan mataki ba raunin farko kaɗai ke riƙe da shi ba. Jijiyoyin da ke isar da saƙon ciwo sukan ƙara kaifi, har taɓawar da ba ta isa ta yi zafi ba ta koma mai zafi, sannan rashin barci da damuwa da tsoron motsa wurin su ƙara rura wutar. Ƙiyasin cibiyar binciken haƙora ta gwamnatin Amurka ya nuna cewa matsalar muƙamuƙi tana shafar kashi 5 zuwa 12 cikin ɗari na jama'a, ta fi yawa a mata, kuma ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40. A rayuwarmu ta yau da kullum ba a rasa abubuwan da ke ɗora wa waɗannan sassa nauyi: tela da ke wuni a duƙe kan keke, da mai dako ko yarinya mai talla da ke ɗaukar kaya a ka, da direban da ke shan gargada, da wanda idonsa ba ya barin waya, da mai cizon haƙora cikin barci, da mai tauna goro ko cingam ko aya ko busasshen kilishi a gefe ɗaya na baki. Babu ɗaya daga cikinsu da za a ce shi kaɗai ne sanadi, domin dubban mutane suna yin su ba tare da ciwo ba, amma idan ciwon ya riga ya kama, su ne suke hana shi lafawa.

Tarihin yadda aka fahimci ciwon muƙamuƙi ya cancanci a tsaya a kansa, saboda tsohuwar fahimtar ba ta mutu ba. A shekarar 1934 wani likitan kunne a birnin St. Louis na Amurka, James Costen, ya danganta ciwon kunne da na kai da wasu marasa lafiyarsa ke fama da su da zubewar turamen haƙora da rashin daidaiton cizo. Daga nan aka shafe shekaru masu yawa ana gurza haƙoran mutane ana rage musu tsayi, ana sa musu ƙarfe, ana yi musu tiyata da nufin daidaita cizon, kuma da yawa daga cikinsu ba su samu sauƙi ba. A 1992 Samuel Dworkin da Linda LeResche suka fitar da wani ma'aunin gano cutar wanda ya raba ciwon tsoka da matsalar faifai da ciwon gaɓa, ya kuma wajabta a duba halin da zuciyar majiyyaci take ciki, aka sabunta shi a 2014. Tun daga nan ra'ayin masana ya karkata ga cewa a fara da maganin da ba ya ɓata komai, wanda idan bai yi ba za a iya dainawa a koma yadda ake. Haƙorin da aka gurje ko aka cire ba ya dawowa, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa aikin hannu da motsa jiki su riga su.

Aikin hannun iri-iri ne. Akwai motsa gaɓa a hankali, inda likita ke girgiza ta da ɗan matsi mai zuwa yana dawowa, a cikin iyakar da majiyyaci zai iya cewa a tsaya, kuma Geoffrey Maitland na Ostireliya ne ya kasa wannan matsi mataki huɗu, ƙanana don kwantar da ciwo, manya don sassauta gaɓar da ta ƙage. Akwai fizga mai sauri da takan fitar da ƙara, wadda ta bambanta da waccan ta fuskar haɗari. Akwai hanyar Brian Mulligan na New Zealand, inda likita ke tallafe gaɓar yayin da majiyyaci da kansa yake waiwayawa. A Najeriya ma Farfesa Vincent Nwuga na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya yi suna da tasa hanyar ta danna ƙashin baya da manyan yatsu ana sassautawa, wadda ɗalibansa suka yaɗa a asibitocin ƙasar. Sannan akwai aikin tsoka, wato danna ƙullutu da murza shi da miƙar da tsokar.

Wanda bai taɓa gani ba yakan yi mamakin cewa wani ɓangare na tausar muƙamuƙi ta cikin baki ake yin ta. Majiyyaci yana kwance rigingine, likita ya sa safar hannu, ya zura babban yatsa tsakanin kunci da haƙora, sauran yatsun suna waje, ya kama tsokar kuncin a tsakaninsu. Yana bin ta daga ƙashin kumatu zuwa kusurwar muƙamuƙi har ya tarar da wani zare mai tauri, kuma sau da yawa a nan ne majiyyaci zai ɗaga hannu ya nuna kunnensa ko haƙorinsa, alamar cewa ciwon da ya kawo shi ke nan aka taso da shi. Likita zai riƙe wurin da matsin da za a iya jurewa, na daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya ko fiye kaɗan, har zafin ya fara janyewa. Idan gaɓar ce ta ƙage, sai ya ɗora babban yatsan a kan turamen haƙoran ƙasa, ya ja muƙamuƙin ƙasa kaɗan sannan gaba, a hankali, sau da yawa. Daga nan ya tallafi ƙeya da tafukan hannunsa ya yi aiki a kan ƙananan tsokokin da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai da gaɓoɓi uku na sama. Kafin a fara da bayan an gama yakan sa rula tsakanin haƙoran gaba ya auna buɗewar baki, kuma a ganina wannan awo shi ne alamar likitan da ya san abin da yake yi, domin da shi ne za a gane ko aikin yana ci ko ɓata lokaci ake yi.

A nan ne ya kamata a gyara wata fahimta da ta yi kaka-gida a zukatan jama'a, har da wasu masu aikin. Mutane sukan ɗauka cewa wani ƙashi ne ya goce aka mayar da shi, kuma ƙarar da aka ji ita ce shaida. Hotunan da aka ɗauka na gaɓa a lokacin da take ƙara sun nuna cewa wani kumfan iska ne ke samuwa a cikin ruwan gaɓar idan aka buɗa ta da sauri, kuma ƙasusuwan wuya ba sa sauya mazauni bayan an yi musu aiki. Abin da hannu yake yi ya fi shafar jijiyoyi: taɓawa da motsi suna aika saƙon da ke rage ƙarfin saƙon ciwo a laka, suna tayar da hanyoyin da ƙwaƙwalwa ke bi ta danne ciwo da kanta, tsokar da ta ɗaure don kare wurin ta saki, mutum kuma ya ga cewa zai iya motsawa ba tare da wani abu ya lalace ba. Wannan sauƙi na gaske ne, amma yawanci na sa'o'i ne ko kwanaki. Muhimmancin gyara fahimtar shi ne, wanda ya yarda cewa ƙashinsa yana gocewa zai riƙa komawa a mayar masa da shi har abada, kuma zai ji tsoron motsa wuyansa, alhali motsin ne maganinsa. Haka nan wanda aka nuna wa hoton wuyansa aka ce ƙashin ya zaizaye ya kamata ya san cewa ana ganin irin wannan zaizaya a hotunan mutane da yawa da suka manyanta waɗanda ba sa jin ciwon komai. Ƙarar muƙamuƙi ma haka take: kusan ɗaya cikin uku na mutanen da ba sa ciwo faifansu ya ɗan zame gaba, kuma ƙara marar ciwo wadda ba ta sarƙe baki ba ta buƙatar magani.

Binciken da aka yi a kan wuya ya bi wannan layi. A ƙasar Holan, a 2002, an raba mutum 183 masu ciwon wuya gida uku, kuma bayan mako bakwai kimanin kashi 68 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin hannu sun ce sun warke ko sun samu sauƙi sosai, idan aka kwatanta da kashi 51 na masu motsa jiki da kashi 36 na waɗanda suka tsaya ga kulawar likitan gida, wato likitan da ake fara gani idan ba a da lafiya. Amma da aka bi su har shekara, tazarar ta ragu ƙwarai. A jihar Minnesota ta Amurka, wani bincike na 2001 a kan mutum 191 masu daɗaɗɗen ciwon wuya ya nuna cewa waɗanda suka yi atisayen ƙarfafa wuya sun fi waɗanda aka yi wa fizga kaɗai samun sauƙi mai ɗorewa. A Ostireliya kuma Gwendolen Jull da abokan aikinta sun gwada aikin hannu da atisaye na mako shida a kan mutum 200 masu ciwon kai da ke tasowa daga wuya, aka ga ciwon ya ragu kuma raguwar ta kai shekara. Taƙaitawar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tace shi, ta yi a 2015 ta ƙara da wani abu mai amfani, wato motsa gaɓa a hankali da fizga mai ƙara sakamakonsu kusan ɗaya ne.

A ɓangaren muƙamuƙi, yawancin binciken ƙanana ne, kuma masu tace su sun sha kokawa da ingancinsu. Duk da haka, a watan Disamba na 2023 mujallar likitoci ta BMJ ta Birtaniya ta fitar da jagora a kan daɗaɗɗen ciwon muƙamuƙi bayan an haɗa sakamakon gwaje-gwaje 153, kuma abubuwan da ta ba da shawara mai ƙarfi a yi su sun haɗa da motsa gaɓar da hannun likita, da danna ƙullutun tsoka, da atisayen muƙamuƙi da na zama ƙarƙashin kulawa, da zaman koyon sarrafa tunani da damuwa. Ta nuna rashin gamsuwa da robar da ake sawa a baki da dare da allurar Botox mai sassauta tsoka, ta kuma yi hani mai ƙarfi ga cire faifan gaɓar, da na'urar baki mai sauya cizo har abada, da haɗa magungunan kumburi da masu sa maye. Wannan hani na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, ganin yadda ake sayen tiramadol da dikulofenak a kemis ana sha wata da watanni, na farko ya jefa mutum cikin jaraba, na biyu ya ci masa ciki da ƙoda. Wasu ƙananan gwaje-gwaje a Turai sun kuma nuna cewa yin aiki a wuya yana rage zafin tsokar muƙamuƙi, yin aiki a muƙamuƙi kuma yana rage ciwon kai mai tasowa daga wuya, don haka duba ɗaya a bar ɗaya gajeren aiki ne.

Sauƙin da hannu ya samar dama ce ta 'yan kwanaki, kuma abin da majiyyaci ya yi a cikinta ne yake sa ta ɗore. Atisayen ba masu wahala ba ne, sai dai suna son naci. Na wuya mafi shahara shi ne mutum ya kwanta rigingine ya ɗan gyaɗa kai kamar mai amsa magana, ba tare da ya ɗaga ƙeya daga shimfiɗa ba, ya riƙe na daƙiƙa goma, ya maimaita sau goma, yana lura kada manyan tsokokin gefen wuya su ɗaure, domin ƙananan na ciki ake son tayarwa. Bayan wannan sai ƙarfafa tsokokin allon kafaɗa. Na muƙamuƙi kuwa, wanda Mariano Rocabado na ƙasar Chile ya tsara wasu daga cikinsu, yana farawa da ɗora kan harshe a ganɗa bayan haƙoran gaba, a rufe leɓe, a raba haƙora, sannan a riƙa buɗe baki a gaban madubi harshen bai bar wurinsa ba, ana kallo kada haɓa ta karkace. Sai a rage tauri na ɗan lokaci, a yanka nama ƙanana, a ajiye goro da rake, a tallafi haɓa yayin hamma, a gasa kunci da tsumma mai ɗumi, sannan a koma cin abinci yadda aka saba sannu a hankali, domin daɗewa a kan kunu da fate shi ma yana raunana tsokar.

Batun haɗari yana buƙatar a faɗe shi ƙarara. Akwai jijiyoyin jini biyu da ke ratsa ƙasusuwan wuya su kai jini bayan ƙwaƙwalwa, kuma an samu mutanen da bangon jijiyar ya tsage suka samu shanyewar jiki bayan an fizge musu wuya. Abin yana da wuyar faruwa, kuma wani babban bincike a lardin Ontario na Kanada a 2008 ya nuna cewa masu irin wannan shanyewa sukan ziyarci likitan gida kafin ta faru kamar yadda sukan ziyarci mai fizgar wuya, wanda ke nuna cewa a wasu lokuta tsagewar ce ta fara, ita ta kawo ciwon wuyan da ya kai su neman magani. Ko ma wanne ne ya riga, tunda motsi a hankali yana bayar da sakamako iri ɗaya, ban ga hujjar fizge saman wuya ba, balle a miƙa shi ga mai aski ko abokin hira ya murɗa. Mai sanyin gaɓoɓi irin na rumatoyid, da mai raunin ƙashi, da wanda ya yi haɗari ba a ɗauki hoton wuyansa ba, da mai shan maganin tsinka jini, duk suna buƙatar taka-tsantsan na musamman.

Akwai kuma ciwon da ba na tausa ba ne sam. Wuyan da ya sandare tare da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, musamman lokacin zafi a yankinmu da sanƙarau ke yawan ɓulla, na gaggawa ne. Muƙamuƙin da ya sarƙe kwanaki bayan an taka ƙusa ko an ji wani rauni yana iya zama tetanas. Kumburin kunci da zazzaɓi yana nuna ƙurji a tushen haƙori. Ciwon muƙamuƙi da ke zuwa da nauyin ƙirji da gumi yana iya zama na zuciya. Jiri da gani biyu-biyu da sarƙewar harshe da wahalar haɗiya, ko mutuwar hannu da tuntuɓe a tafiya, ko rama da gumin dare da za su iya nuna tarin fuka ya kama ƙashin baya, duk asibiti suke nema a ranar. Yaron da bakinsa ya daina buɗewa bayan faɗuwa a kan haɓa, ko bayan cutar noma mai cin fuska wadda ake da asibiti na musamman dominta a Sakkwato, sau da yawa ƙashi ne ya manne ko tabo ya ɗaure, kuma tiyata ce ke buɗe shi, atisaye ya biyo baya.

Wanda yake neman wannan magani zai same shi a sashen fisiyo na manyan asibitoci, irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma a Najeriya akwai hukumar da ke yi wa likitocin fisiyo rajista, don haka yana da haƙƙin ya tambayi lasisin wanda zai taɓa masa wuya. Ba kowane likitan fisiyo ne ya ƙware a muƙamuƙi ba, kuma ya fi kyau likitan haƙori ya fara tabbatar da cewa ba haƙori ne ke ciwo ba. Zaman farko ya kamata ya tafi a tambayoyi da awo fiye da tausa, a tambayi barci da sana'a da damuwa, a fita da atisayen gida a hannu. Idan zama ya ƙare a fitilar gashi da na'urar lantarki kawai, an bar ainihin aikin. Ɗan tsami na kwana ɗaya ko biyu bayan zama ba abin damuwa ba ne, amma idan an kai mako shida rula ba ta nuna ƙari ba, waiwaye bai ƙaru ba, ciwon kuma bai ragu ba, abin da ya dace shi ne a dakata a sake binciken cutar daga tushe, a kuma duba ko rashin barci ko cizon haƙora ko damuwa ne ke riƙe da ita, maimakon a ci gaba da biyan kuɗin zama.